Kurmin Da Muka Daina Jin Tsoronsa

Wurin karatu: Farawa 2:8-15, Zabura 104:10-18

Kamar kullum, in akwai Baba ko Mama a gida da Hausa ba ta zauna musu sosai ba, muna roƙon yara su juya musu maganar cikin yaren gida. Maganar yau ta shafe su ƙwarai, gama su ne shaidunmu.

Bari mu fara da tambaya. Rafin da kuke ɗiban ruwa a ƙauyenku, a wane wata yake ƙafewa yanzu? In kun amsa, sai ku juya ku tambayi kaka a wane wata yake ƙafewa sa'ad da take budurwa. A wurare da yawa za ta ce muku a zamaninta ba ya ƙafewa ko kaɗan.

Shekarun baya mun yi aikin bishara a wani ƙauye da ke gindin dutse. A bayan ƙauyen akwai kurmi, ba shi da girma sosai, amma in ka shiga da tsakar rana sai ka ga kamar magariba ta yi. Akwai maɗaci da ɓaure da malmo da atili, tukurwa kuma ta cika ƙasan kwarin. A tsakiyarsa akwai idon ruwa, daga nan rafin ƙauyen yake tasowa. Tun kakanni an san wurin na dodo ne. Ba a shiga da gatari, ba a kai wuta kusa, mace ba ta wuce bakin rafi, ko busasshen reshe ba a ɗauka. Da tsohon da yake lura da wurin tsafin ya rasu, ba wanda ya gāje shi, domin 'ya'yansa duka sun karɓi bishara. Bayan wani babban taron farkaswa, matasan ikilisiya suka ɗauki gatura da adduna, suka nufi kurmin suna waƙa, don su nuna wa kowa cewa dodo ba shi da iko a kansu. Muna nan a ranar. Ba mu hana su ba, mu ne ma muka yi addu'a kafin a fara sara. Da katakon aka yi kujerun majami'a da rufin gidan mai bishara, sauran wurin kuma aka raba aka shuka masara.

Ba a daɗe ba, cikin 'yan shekaru, idon ruwan ya fara ja da baya. Da farko ya tsaya a watan Afrilu, daga baya a Maris, har ya zama Fabrairu ba ta ƙarewa sai mata sun fara tonon yashi. 'Yan mata suna tashi da asuba su tafi wani ƙauye neman ruwa, su makara a makaranta. Amma abin da ya fi damunmu shi ne maganar da ta fara yawo, wai dodo ya yi fushi ya ɗauke ruwansa. Waɗansu masu bi da ba su yi ƙarfi ba suka fara gaskata haka a zuci. Mun ji har an kai kaza wurin da dare.

Saboda haka muka ga ya wajaba mu yi wannan bayani. Ba dodo ne ya ɗauke ruwan ba. Mu muka kore shi da hannunmu, kuma ga yadda abin yake faruwa.

Sa'ad da ruwan sama ya sauko a kan kurmi, ba ya bugun ƙasa kai tsaye. Ganye yakan tare shi, ya rage masa ƙarfi, ya ɗiga a hankali. A ƙasa kuma akwai busasshen ganye na shekara da shekaru da ya ruɓe ya zama kamar soso. Saiwoyin itatuwa da tsutsar ƙasa da gara sun huda ƙasar ko'ina. Sai ruwan ya sami hanya ya nutse, ya sauka har ya tarar da dutse ko yumɓu da ba zai iya wucewa ba, ya kwanta a can. Daga nan yake tsattsafowa kaɗan kaɗan ta idon ruwa har ƙarshen rani. Wato ƙasar kurmi rumbu ce, da damina ake zuba mata, da rani ake ɗiba.

In an sare itatuwan, aka ƙone ganyen, rana ta gasa ƙasar, ruwa ya daddaɓe ta har ta yi tauri kamar daɓen ɗaki. Ruwan sama na gaba ba ya samun hanyar shiga, sai ya gudu a bisa, ya kwashe ƙasa mai kyau ya zuba a rafi. Shi ya sa za ku ga rafin ya cika ya yi ja wur cikin sa'a ɗaya, ya karya gada, ya ci gonar bakin rafi, bayan kwana biyu kuma kamar ba a yi ruwa ba. Gurbin da dā yake da zurfi, inda yara suke koyon iyo, inda tarwaɗa take kwana da rani, yashi ya cike shi. Yawan ruwan sama yana iya zama daidai da na dā, amma rumbun ya fashe. Gaskiya ne itatuwa su ma suna shan ruwa, za mu komo kan wannan in mun zo maganar abin da ya kamata a dasa.

Kurmi kuma gida ne. Mawallafin Zabura 104 ya lura da wannan sosai. Ya ga yadda Allah ya tsara maɓuɓɓugai a kwaruruka domin namomin jeji su sha, ya ba tsuntsaye rassan da za su yi sheƙa, ya ba kowace dabba mazauninta har a kan duwatsu. Gada tana fakewa a kurmi da rani, haka zabon daji da beguwa da biri. Jemage da ƙudan zuma da suke kwana a can su ne suke bin furen ɗorawa, ƙudan zuma kuma yana bin furen kaɗanya, ta haka itatuwan suke yin 'ya'ya da yawa. Tsuntsaye da birai suna cin 'ya'yan ɓaure da ɗinya, su kai irin nesa su zubar. Mujiya da muke ƙi, da macijin da muke kashewa duk inda muka gan shi, su ne suke rage mana ɓeraye. In gidansu ya rushe, mace mai daddawa da mai man kaɗe za su ji a jikinsu, ko da ba su san daga ina asarar ta fito ba.

To, me yake cin kurmi da dajinmu a yau? Abu na fari mun yi yawa. A ƙidayar 1963 mutanen Nijeriya kimanin miliyan 55 ne, a ta 2006 miliyan 140, yanzu kuwa an haura miliyan 200. Ƙasar ba ta ƙaru da ko taki ɗaya ba. Gonar da kakanmu yakan bari ta huta shekaru, yau jikokinsa goma suke rabawa, kowa kuma yana tura iyakarsa har bakin ruwa. Noman rani ya taimaki gidaje da yawa, mun gode wa Allah, amma injin ban ruwa da sassabe har cikin gaɓar rafi sun cinye inuwar da ta rage.

Akwai kuma sarar da ba ta yunwa ba ce. Mutanen Taraba ba za su manta da abin da ya sami maɗobiya ba, itacen nan da masu sara suke kira Madrid. Itace ne mai jan ciki, yakan yi fure rawaya da rani sa'ad da ya kaɗe ganyensa, makiyaya kuma suna ba dabbobi ganyensa lokacin da ciyawa ta ƙare. A ƙasar Sin ana yin kujeru da gadaje masu tsada da shi. Daga wajen 2013 'yan kasuwa suka shigo da kuɗi da injin yankan katako. A yankunan Bali da Gashaka da Kurmi, samari suka bar gona, waɗansu suka bar makaranta, suka hau duwatsu suna kayar da itace suna gangaro da gungume, manyan motoci suna kwasa dare da rana zuwa tashar jiragen ruwa a Legas. Cikin 'yan shekaru Nijeriya ta shiga sahun gaba a duniya wajen fitar da wannan itace. A 2016 aka sa maɗobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES take sa wa ido, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya, amma kafin nan manyan itatuwan sun riga sun tafi. Saurayin da ya sare ya sami kuɗi kaɗan, ya sayi babur, babur ya lalace. Waɗansu gungume ya danne su a kan dutse. Itacen kuwa sai ya yi shekaru masu yawa kafin ya kai girman wanda aka kayar. Kada mu ce baƙi ne suka yi mana. Baƙi sun kawo kuɗi, amma mu muka nuna musu hanya, masu unguwanninmu suka karɓi nasu, ikilisiyoyi kuma suka karɓi zakka daga kuɗin ba tare da tambaya ba.

Gawayi yana bin sawu. Ku dubi buhunan da aka jera a bakin manyan hanyoyinmu. Irin ƙonawar da muke yi ta rufe itace da ƙasa, kafin a sami buhu ɗaya sai an ƙone itacen da ya ninka nauyinsa sau biyar ko fiye. Masu gawayi sun fi son itace mai tauri, ƙirya da marke, da suka yi wuya aka koma kan kaɗanya. Kaɗanya takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, daga nan ta ciyar da gida har jikoki. A yini ɗaya ake mai da ita baƙin buhu.

Sai wuta. Yaro ya cinna wa daji wuta don gafiya ɗaya, wutar ta ci tsauni guda. Wutar farkon kaka, sa'ad da ciyawa take da sauran danshi, ba ta cika ɓarna ba. Ta Fabrairu da Maris ita ce mai kashe ƙananan itatuwa, ta ƙone ƙwan zabo da amya, ta ci bakin kurmi kaɗan kaɗan kowace shekara. Haka kuma masu zuba guba irin su Gamalin a gurbi don kamun kifi. Ana kashe babba da ƙarami da ƙwai da ƙaguwa gaba ɗaya, sa'an nan a kai kifin gida yara su ci, mutanen ƙasan rafi kuma su sha ruwan. Wanke tankin feshin ciyawa a rafi ɗan'uwan wannan ne. Mutanen Bukuru da Barikin Ladi kuma sun san abin da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa, tafkuna masu zurfi da tudun ƙasar da ba ta nomuwa, ga shi yanzu haƙar ma'adinai ta bazu zuwa jihohi da yawa.

Wani abu da za ku iya gwadawa da idonku: yaushe rabon da ku ga ungulu a mahautar kasuwarku? Dā sai an kore su. A 2015 aka sa irin ungulun nan ta cikin gari a jerin tsuntsayen da suke gab da ƙarewa a duniya. Guba tana kashe su, ana kuma sayar da kawunansu don magani da tsafi. Mai share mana mushe kyauta ke nan.

Yanzu mu koma ga Maganar Allah, domin matasan nan da suka sare kurmin ba mugaye ba ne. Suna da aya a bakinsu. Sun ce Gidiyon ya rushe bagaden Ba'al na mahaifinsa, ya sare abin tsafin da ke kusa da shi, kamar yadda yake a Littafin Mahukunta sura 6. Gaskiya ne. Amma mu duba da kyau abin da Gidiyon ya sare. Gunki ne na itace wanda mutane suka kafa kusa da bagade suna yi masa sujada. Bai bi kwarin garinsu yana kayar da kowane itace ba. Mala'ikan Ubangiji ma a gindin wani babban itace ya zauna sa'ad da ya zo kiransa. Ibrahim ya yi zama a wurin manyan itatuwan Mamre ya gina wa Ubangiji bagade a can, a Biyer-sheba kuma shi da kansa ya dasa itace ya yi wa Allah sujada. Laifin da Romawa sura 1 ta nuna shi ne mutum ya bar Mahalicci ya bauta wa abin da aka halitta. Maganin wannan laifi tuba ne. Maɗacin bai yi zunubi ba.

Manzo Bulus ya taɓa fuskantar tambaya mai kama da tamu. Masu bi na Koranti sun tambaye shi game da naman da aka miƙa wa gumaka, ana kuma sayarwa a kasuwa. A 1 Korantiyawa sura 8 ya nuna musu gunki ba wani abu ba ne. A sura 10 kuma ya kafa hujja da Zabura 24, cewa Allah ne mai mallakar ƙasa, ba abin da yake bisanta da ya zama na wani. Ku ji wannan da kyau, 'yan'uwa. Kurmin nan bai taɓa zama na dodo ba, ko na yini ɗaya. Kakanninmu sun yi kuskuren sunan mai shi, amma ba su yi kuskure ba da suka gane yana da mai shi, kuma ba a taɓa shi yadda aka ga dama. Mu da muka san sunan Mai shi na gaskiya, ashe mu ne muka mai da wurin kamar kayan da ba na kowa ba. Tsoro ya tsare kurmi shekaru aru aru. Abin kunya ne a ce ƙaunar Allah ta kasa tsare shi shekara goma.

Kada wani ya juya mana magana. Ba mu ce a koma kai kaza ba, ba mu ce akwai wani ruhu a cikin itace da za a roƙa ba. Almasihu ya 'yantar da mu daga wannan tsoro, ba kuwa za mu koma ba. Iyayenmu mata da dā aka hana su shiga suna tsoron dodo, yau suna da 'yancin shiga su ɗebi ruwa suna waƙar yabo. In kuma a ƙauyenku akwai waɗanda har yanzu suke bin addinin gargajiya, ba aikinmu ba ne mu auka wa wurinsu da gatari. Bishara da baki da hali ake kai ta.

Waɗansu sukan ce ai Allah ya ba mutum mulki a kan dukan halitta, a Farawa sura 1. Haka ne. Sura 2 kuwa ta nuna irin mulkin. Ayyuka biyu aka ba Adamu a gonar Aidan, aikin gonar da kuma tsaronta. Dukanmu mun san bambancin mai gona da wanda aka ba jiran gona. Mai jira yana ci daga ciki, ba mai hana shi, amma ranar da mai gona ya zo zai ba da lissafi. A Littafin Firistoci sura 25 Allah ya umarta a bar ƙasa ta huta kowace shekara ta bakwai, abin da ya tsiro da kansa kuwa har namomin jeji suna da rabo a ciki. A Maimaitawar Shari'a sura 20 ya hana sojoji sare itatuwa masu 'ya'ya ko a lokacin da suka kewaye birnin abokan gāba. A sura 22 kuma ya ce wanda ya tarar da sheƙa yana iya ɗaukar 'ya'yan, amma ya saki uwar. Kowane maharbi na gaske ya san hikimar wannan, gama wanda ya harbe gada mai ciki ya cinye naman baɗi.

Akwai kuma masu cewa duniyar nan mai wucewa ce, me ya sa za mu damu? Jikinmu ma mai wucewa ne, amma muna wanka, muna zuwa asibiti. Ba mu san ranar zuwan Ubangiji ba. In ya jinkirta, jikokinmu za su bukaci ruwa.

Tsaron daji yana yiwuwa, an kuma gwada. An keɓe Yankari a jihar Bauchi a 1956, shi ya sa har yau akwai giwaye a can, ana kiyasin 100 zuwa 150, alhali a yawancin ƙasarmu sai a tatsuniya. Manoman da ke kewaye suna shan wahalar giwayen in sun fito gona, wannan ma gaskiya ne, ya kamata hukuma ta riƙa duba su. Gandun Gashaka-Gumti da ke Taraba da Adamawa, wanda aka mai da na ƙasa a 1991, shi ne mafi girma a Nijeriya, daga duwatsunsa kuma koguna suke gangarowa zuwa Binuwai, har masunta da manoman da ba su taɓa ganinsa ba suna cin albarkarsa. Amma wanda ya fi kama da namu shi ne kurmin Amurum a Laminga, gabas da Jos. Kimanin hekta 300 ne kawai, mutanen gari suka yarda a tsare shi, yau akwai cibiyar nazarin tsuntsaye a wurin tare da Jami'ar Jos, ɗalibai suna zuwa daga ƙasashen Afirka da dama. Akwai wani ɗan jan tsuntsu na duwatsun wannan yanki da sai a 1998 masana suka rubuta shi a littafi.

A arewacin Habasha kuma, inda aka sare yawancin dajin ƙasar tun da daɗewa, in ka hango kurmi kore a tsakiyar gonaki, sau da yawa majami'a ce a cikinsa. Ikilisiyoyi dubbai na can sun tsare itatuwan da ke kewaye da ɗakin sujada tsara bayan tsara, a waɗansu wurare har sun gina katangar dutse don kada dabbobi su cinye masu tasowa. Masu bi ne kamar mu.

Labarin da ya fi ƙarfafa mu daga Maradi yake, a Jamhuriyar Nijar. Wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa, har ya kusa fid da zuciya, yana roƙon Allah ya nuna masa hanya. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa kowace shekara a gonaki toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu kuwa tana da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai ya koya wa manoma su zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, su datse sauran, su tsare su daga wuta da dabbobi. Da yake saiwar ta riga ta yi zurfi, itacen yakan tashi da sauri fiye da wanda aka dasa. Suna kiran wannan sassaben zamani. Da farko an yi masa dariya. Daga baya manoma da kansu suka yaɗa shi, maƙwabci yana koya wa maƙwabci, har aka kiyasta itatuwa miliyan 200 sun dawo a gonaki kimanin hekta miliyan 5. In an yi haka a inda ruwan sama bai kai namu ba, mu da muke da damina mai tsawo ba mu da hujja.

To me ikilisiyar ƙauye za ta iya yi? Shawararmu ita ce a fara da idon ruwa. Dattawan ikilisiya su je wurin mai unguwa ko dagaci, a kira masu gonakin wurin, a kira Musulmi da masu bin gargajiya da ardon makiyaya, gama kowa yana shan ruwan nan. A yarda a bar fili kewaye da idon ruwa, da taki ashirin ko talatin a kowane gefen rafi, ba noma, ba sara, ba wuta. Wanda gonarsa ta shiga ciki kada a bar shi da asara shi kaɗai, a nema masa wani wuri ko a yi masa gayya. A ware mashaya guda ta dabbobi a ƙasa da inda mutane suke ɗiba. Mun san maganar manoma da makiyaya tana da zafi a wurare da yawa, an yi hasarar rayuka, ba mu raina wannan ba. Amma rafin da ya ƙafe yana ƙara faɗan ne, domin kowa sai ya taru a gurbi ɗaya da ya rage.

Da kaka matasa su share hanyar tare wuta kewaye da wurin. A nemi kututturen da suke toho a gyara su irin na Maradi. In za a dasa, a dasa abin da aka tarar a wurin tun asali, malmo, ɓaure, tukurwa, atili, maɗaci. Kada a dasa itacen turare a kan idon ruwa, yana da saurin girma da amfanin katako, amma mashayin ruwa ne ƙwarai, wurinsa can kan tudu. Zumuntar mata kuma su koyi gina murhu mai tsimin itace, da yumɓu ake yi, yana rage yawan zuwa daji da hayaƙin da ke cin ido.

Ba za mu tsaya a mumbari mu la'anci gwauruwar da take ƙona gawayi don kuɗin makarantar ɗanta ba. In ikilisiya tana so ta daina, sai ta taimake ta da wata sana'a, kiwon zuma ko awaki ko daddawa. Haka kuma ƙauyukan da suka share daji kewaye da gidajensu saboda masu satar mutane, ba mu ga laifinsu ba, rai ya fi itace. Sai dai a tuna 'yar inuwar bakin rafi ba ita ce maɓoyar 'yan bindiga ba, a share kusa da gida a bar kan ruwa.

Game da ƙauyen nan da muka fara da shi, mun koma can mun tsaya gaban ikilisiya mun faɗi kuskurenmu, domin mu muka yi addu'ar sara. Masu gona uku suka yarda suka janye daga kan idon ruwan, na huɗu ya ƙi, har yanzu ana lallashinsa. Ɓaure da malmo sun yi toho daga kututture, sun fi tsayin mutum, tukurwa ta fara dawowa. Manyan maɗatan kuwa mu dai ba za mu ga irinsu a wurin ba. A ranin da ya wuce mata sun ɗebi ruwa a can har tsakiyar Maris kafin su koma tonon yashi.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba labarin Nabot da gonar inabinsa a 1 Sarakuna sura 21, da maganar sayar da gonar gādo. A karanta surar a gida kafin lokacin. Ku huta lafiya.